Burtsatse ba za ta shayar da Kano ba

Duk wanda ya taɓa kwana a Kurna ko Bachirawa ko Ɗorayi a watan Afrilu ya san ƙarar da ke riga ladan tashin mutane. Ƙarar jarkoki ce suna gwaruwa a cikin kura, 'yan garuwa na rige-rigen kama layi a bakin burtsatse tun da duhun asuba. Wanda ya makara sai hantsi. Wani lokacin ma ya tarar mai rijiya ya kashe inji, ya ce ruwa ya ja baya, a dakata ya taru.

Wannan kalma ta "a dakata ya taru" ta daɗe tana damuna. Mun saba jin ta har ta daina ba mu tsoro, alhali ƙasa ce take gaya mana iyakar ƙarfinta.

Kano gari ne da ya girma a bakin rijiya, sunayen unguwanni ma sun isa shaida: Rijiya Biyu, Rijiya Huɗu, Rijiyar Lemo, Rijiyar Zaki. A gidan da na tashi a cikin gari akwai rijiya a tsakar gida, da makubarta da gugarta, da ƙugiyar da ake arowa a maƙwabta idan guga ta faɗa. Duk shekara kafin damina akan kira masu yasa su kwashe laka. Ba a shan ruwanta don yana da zartsi, amma wanki da wanke-wanke da alwala duk a kanta suke, ruwan sha kuma na famfo ne. Rabon aiki ke nan, famfo shi ne uba, rijiya mataimakiya. Yau abin ya juye. Ruwan ƙarƙashin ƙasa ne ke ɗauke da mafi yawan gidajen birnin, famfo ya zama baƙo, a wasu unguwannin ma yara sun girma har sun yi aure ba su taɓa ganin ya kawo ba. Ƙasar da Kano ke zaune a kanta kuwa ba irin wadda za ta iya ɗaukar wannan kaya ba ce.

Da yawa daga cikinmu muna ɗauka cewa akwai wani kogi ko teku a can ƙasa, wanda duk ya yi zurfi zai tarar da shi. A wasu wuraren hakan ya yi kusa da gaskiya. Idan ka nausa arewa maso gabas, ka wuce Gumel da Haɗeja ka doshi Maiduguri, ƙasar yashi ce da laka masu kaurin ɗaruruwan mita, waɗanda suka taru a kwarin Tafkin Cadi. A can ruwa hawa-hawa ne, kuma a da akwai rijiyoyin da in an huda ruwan ke tunkuɗo kansa sama ba tare da inji ba. Ko su ɗin, da aka yi ta ɗiba ba lissafi, ƙarfin tunkuɗowar ya ragu. Birnin Kano ba ya cikin wannan rabo. A kan tsohon dutse yake zaune, dutse mai tauri irin wanda ake fasawa a yi tsakuwar gini, wanda ba ya shan ruwa. Abin da ke riƙe mana ruwa shi ne saman dutsen da ya ruɓe a tsawon zamani ya zama ƙasa mai burshi-burshi, sai kuma tsage-tsagen da ke jikin dutsen. Kaurin wannan ruɓaɓɓen sashe a yawancin wurare 'yan gomomin mita ne kawai, wani wuri ya yi kauri, taku kaɗan gaba ya sirance. Shi ya sa mutum zai haƙa ya samu ruwa mai yawa, maƙwabcinsa na bayan katanga ya kashe miliyoyi ya tashi da ƙura.

Saboda haka abin da ke ƙarƙashinmu ya fi kama da soson katifa da aka shimfiɗa a kan faranti. Yana riƙe ruwa, amma ƙanƙani, kuma a hankali yake sakinsa. Rijiyar burtsatse a irin wannan ƙasa sau da yawa ba ta ba da fiye da lita ɗaya a cikin daƙiƙa, da yawa ma ba su kai haka ba. Ya ishi gida ko masallaci ko famfon tuƙa-tuƙa a ƙauye. Bai ishi birnin da ƙidayar 2006 ta ba ƙananan hukumominsa takwas kusan mutum miliyan 2.8 ba, wanda a yau ake ƙiyasta ya haura miliyan 4.

A nan ne kuskuren da ya fi cin kuɗin mutane yake. Rijiya ta ƙafe, sai a kira masu inji a ce su ƙara zurfi. Mita 40 ta zama 70, 70 ta zama 100, har a wuce. Mai haƙa da mita ake biyansa, don haka ba shi da dalilin cewa a tsaya. Amma da zarar an wuce ruɓaɓɓen sashen an shiga lafiyayyen dutse, sai dai fatan a ci karo da tsaga, kuma tsagogin raguwa suke yi suna matsewa gwargwadon yadda ake nitsawa. Wanda ya dace ya samu tsaga, ruwan da ke cikinta ma daga sama ya tsiyayo. Ba sabon ruwa ya gano ba, bututunsa ne kawai ya fi na maƙwabta tsawo. Ramin mai zurfi yana yi masa amfanin randa, yana tara ɗan abin da ya tsatso da dare, shi ke nan.

Kuma duk lokacin da aka kunna sumo, wato injin da ake zurawa cikin burtsatse yana turo ruwa sama, ruwan da ke kewaye da rijiyar yana lotsawa kamar mazurari. Idan rijiya ɗaya ce a fili, ana kashe inji yake komawa daidai. Idan kuwa kowane gida na uku a layi yana da tasa, ga gidan fiya wata, ga gidan bulo, ga wurin wankin mota, ga masu ƙanƙara, sai mazuraran su haɗe su zama kwari guda. Wanda ke fara ji a jikinsa shi ne mai rijiyar hannu, talakan da guga ce jarinsa. Bayansa sai mai gajeriyar burtsatse. Na ga wannan da idona a layinmu: shekarar da aka buɗe wurin sayar da ruwa a bakin layi, kafin azumi rijiyoyin gidaje huɗu suka koma laka. Babu wanda ya yi wa wani mugunta da gangan. Kowa a cikin filinsa ya haƙa, da kuɗinsa. Sai dai katanga a sama take raba gidaje, a ƙasa tukunya ɗaya ce.

Ita wannan tukunya ba ta da mai cika ta sai damina. Ruwan Kano a cikin kamar wata huɗu yake sauka, daga Yuni zuwa Satumba, mafi ƙarfinsa a Agusta. Sauran watanni takwas ɗiba kawai ake yi. Daga abin da ya sauka ɗin ma kaso kaɗan ne ke kaiwa ƙasa, rana da iska da tsirrai su kwashe kaso mafi tsoka, wani ya bi kwata ya tafi. Dattawan da suka ga farin 1973 da na 1984 sun san yadda rijiyoyi ke yi idan damina ta gaza sau biyu a jere, kuma a lokacin mutanen birnin ba su kai rabin na yau ba.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yadda muke toshe bakin tukunyar da hannunmu. Kakanninmu sun haƙi ƙasa sun gina gidaje da ganuwa, ramukan suka zama kududdufai. Ba da niyyar adana ruwa aka yi su ba, amma aikin da suka yi ke nan shekaru aru-aru. Idan aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, kududdufi ne ke karɓar na unguwa, ya riƙe shi watanni yana tsatsa ƙasa a hankali, rijiyoyin kewaye su ƙoshi. Gaskiya ne sun zama matattarar shara da sauro, gaskiya ne sun ci yara, kuma duk wanda ya rasa ɗa a kududdufi ba zai so jin ana yabonsu ba. Amma maganin da muka zaɓa shi ne a cike da bola, a yanka filaye, a gina shaguna da gidaje. Ruwan da ya saba kwana a nan bai san an sayar da wurin ba. Idan ya zo bai samu masauki ba sai ya shiga ɗakunan mutane, ya rushe katangu, ya cika titi, sannan ya wuce. A Agusta a yi kukan ambaliya, a Afrilu a yi kukan ƙishirwa, kuma ruwa ɗaya ne ake kuka a kansa.

Haka tsakar gida. Da ƙasa ce, ana share ta a yayyafa ruwa. Yanzu alamar an samu buɗi ita ce a malale ko'ina da siminti ko tayil, tun daga zaure har bakin titi, a saka bututu ya kai ruwan rufi kwata. A yi lissafi mai sauƙi. Rufin kwano mai faɗin murabba'in mita 100, a shekarar da aka samu ruwan sama milimita 800, yana zubar da lita 80,000. Jarka 3,200 ke nan mai cin lita 25. Mai gidan zai kore su waje da damina, sannan ya saye su ɗaya bayan ɗaya da rani.

To ko da ruwan ya wadata, akwai maganar abin da ke cikinsa, kuma wannan ta fi ta ƙaranci haɗari domin ido ba ya ganinta. Shawarar da masana lafiya suka saba bayarwa ita ce a bar tazarar kamar mita 30 tsakanin masai da rijiya. Filin da ake yankawa a unguwannin awon igiya sau da yawa ƙafa 50 ne a kan 50, wato mita 15 kowane gefe, wani ma rabin haka. A cikinsa za a fitar da ɗakuna da shadda da sokawe da rijiya. Ko mai gida ya yi iya ƙoƙarinsa ya raba su kusurwa da kusurwa, masan maƙwabcinsa yana jingine da rijiyarsa ta bayan katanga. Birnin ba shi da babbar magudanar ƙazanta da ke kwashe bayan gida zuwa wurin tacewa, don haka kusan duk abin da miliyoyin mutane suka zubar cikin wannan siririn soson yake sauka. A tsofaffin unguwanni masu cunkoso, inda ruwa ke kusa, wani ɓangare na abin da ke hana rijiyoyi ƙafewa shi ne wannan ruwan da aka riga aka yi amfani da shi. Magana ce mara daɗin ji, amma haka take.

Burtsatsen da aka yi da kyau tana da kariya: ana saka bututu mai inganci, a dafe wuyanta da siminti har 'yan mitoci ƙasa don kada ruwan sama-sama ya bi jikin bututun ya gangara. Wannan ne wurin da ake yawan yin ƙwange idan ana neman sauƙi, kuma mai gida ba zai gane ba, domin ruwan zai fito fari tas. Farin ruwa ba ya nufin tsabta. Ƙwayoyin amai da gudawa da na taifod ba su da launi. A 2021 annobar kwalara ta kama mutum sama da 100,000 a Nijeriya, sama da 3,000 suka rasu, kuma Kano na cikin jihohin da ta fi yi wa ɓarna. Akwai kuma sinadarin naitiret da ke fitowa daga masai da bola, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce miligiram 50 a lita. Jarirai ya fi cutarwa, kuma tafasawa ba ta kawar da shi, alam ma ba ya taɓa shi. Gwaji ne kaɗai ke nuna shi. A tambayi masu burtsatse goma a kowace unguwa yaushe rabonsu da kai ruwansu gwaji.

Ta ɓangaren masana'antu kuwa, labarin tsoho ne. Dagwalon Bompai yana bin rafin Getsi ya haɗu da Jakara ya tafi dam ɗin Wasai, na Sharaɗa da Challawa yana gangarawa kogin Challawa, ciki har da na majemun zamani masu aiki da sinadarin kuromiyam. Unguwannin da ke gefen waɗannan rafuka daga ƙasa ɗaya suke sha.

Me ya kai mu nan? Babu wanda ya tashi da sha'awar kashe miliyoyi a rami. Famfo ne ya janye, mutane suka nemi mafita. Kano na cikin garuruwan farko a Arewa da suka samu ruwan famfo, tun farkon shekarun 1930 zamanin Sarki Abdullahi Bayero, lokacin da aka kafa matatar Challawa ta farko. Gwamna Audu Baƙo ya zo ya gina madatsun ruwa, babbarsu Tiga da aka kammala a 1974, wadda aka tsara ta riƙe kusan kubik mita biliyan 2. A 1992 aka gama ta Challawa Goj a Ƙaraye. Zamanin Malam Ibrahim Shekarau aka gina sabuwar matatar Tamburawa mai ƙarfin lita miliyan 150 a rana, da ta Watari mai miliyan 75. Ilimin aikin ma ba baƙo ba ne a jihar, tunda gwamnoninta biyu, Rabi'u Musa Kwankwaso da Abba Kabir Yusuf, a hukumar ayyukan ruwa ta jihar, WRECA, suka fara aiki.

Idan aka ba kowane mutum lita 100 a rana, mutum miliyan 4 na buƙatar lita miliyan 400, wato kimanin kubik mita miliyan 146 a shekara. A ajiye wannan kusa da abin da Tiga da Challawa Goj ke tarawa, za a ga cewa ba ruwa Kano ta rasa ba. Ba na cewa ruwan duka namu ne. Manoman Kadawa da Kura suna da haƙƙi a kansa, haka mutanen Haɗeja da fadamun Nguru har Yobe, waɗanda madatsunmu suka riga suka rage musu ambaliyar da suke noma da kamun kifi da ita. Amma rabon shan birni a cikinsa ba shi ne babba ba. Inda gizo ke saƙar shi ne tsakanin kogi da bakin famfo: injinan da suka tsufa, wutar da ba ta tsayawa, kuɗin dizal da na magunguna, bututan da aka binne tun kafin a haifi iyayenmu suna yoyo, waɗanda aikin titi ya fasa ba a mayar ba, da unguwanni bila adadin da suka tsiro inda ba a taɓa kai bututu ba. Ga kuma zagayen da ya rufe kansa: ruwa ba ya zuwa, mutane sun daina biya, hukuma ba ta da kuɗin gyara, masu hali da masu faɗa a ji sun haƙa nasu sun daina ƙorafi. Wannan na ƙarshe shi ne babbar asara. Da a ce manyan gari da famfo suke wanka, da tuni an gyara.

Wanda ya rage a layi shi ke biyan farashi mafi tsada. Matar da ke sayen jarka shida kullum, idan aka auna da lita, tana biyan ninkin abin da mai tanki a saman bene yake kashewa. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 kuɗin tayar da janareta ya hau, kuɗin jarka ya bi shi. Akan huce haushi a kan 'yan garuwa, a ce sun tsauwala. Ni ban ga laifinsu ba. Mutumin da ke tura kura mai jarka goma sha biyu, kilo 300 na ruwa, a cikin ranar Afrilu, shi ne bututun da gwamnati ba ta shimfiɗa ba, kuma sayen ruwan shi ma yake yi. Sola ta kawo sauƙi na gaske, musamman ga masallatai da makarantu da rijiyoyin sadaka. Sai dai a lura, da can tsadar mai ce ke sa a kashe inji. Yanzu muddin akwai rana sumo na aiki, tanki ya cika ya yi ta ambaliya a bango babu mai damuwa.

Da an ambaci doka sai hankalin mutane ya tashi, kuma suna da hujja. Ƙudurin dokar albarkatun ruwa da aka yi ta kaiwa majalisar tarayya yana dawowa ya bar wa jama'a tsoron cewa lasisi wata hanya ce ta tatsar talaka. Gwamnatin da ba ta ba ka ruwa ba, da wane ido za ta ce ka biya kafin ka nema wa iyalinka? Wannan gaskiya ne a kan mai rijiyar gida. Bai zama gaskiya a kan wanda ke cika tankoki yana sayarwa ko yake sarrafa dubban ledoji a rana ba. Kuma ba sai mun aro wannan tunani daga waje ba. Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da maganar harimin rijiya, cewa ba a haƙa wata kusa da ita ta yadda za ta janye mata ruwa ko ta ɓata shi, kuma ba a hana maƙwabci rarar ruwa. Muna karanta wannan a zaure, ba mu taɓa ɗora shi a kan sumo ba. Ina ganin mai unguwa da limami za su iya sasanta tazarar rijiyoyi da lokutan kunna inji a layi fiye da kowane jami'i mai rasit.

Babban aikin dai na gwamnati ne, kuma ba ya da gajeriyar hanya: matatun da ake da su su yi aiki da cikakken ƙarfinsu, a ba su wutar da ba ta yankewa, a sauya bututu, a kai shi Rimin Kebe da Gaida da Bachirawa, mutane su ga ruwa sannan a nemi su biya. Duk unguwar da famfo ya dawo, injina ɗari za su huta, ƙasa ta samu ta farfaɗo, ruwanta ya koma ajiyar ranar fari. Raba burtsatse a mazaɓu yana kashe ƙishirwar bana, amma ƙarin bututu ne a tukunyar da ta riga ta yi ƙasa. Kafin nan akwai abubuwan da ba su da tsada. A san adadin rijiyoyin da ke birnin da zurfinsu, ta hanyar wajabta wa masu haƙa su miƙa bayanin kowane rami. A ware wasu rijiyoyi a sassan gari don awo kawai, a riƙa sanar da jama'a inda ruwa ya tsaya duk wata kamar yadda ake sanar da farashin hatsi a Dawanau. Duk mai sayar da ruwa a gwada nasa a manna sakamakon a jikin tanki. Mai sabon gini a sa shi ya bar wani yanki na tsakar gida ba siminti, ko ya yi ramin tsakuwa da ruwan rufi zai riƙa shiga, nesa da masai.

Sai kududdufan da suka rage, waɗanda ba su da yawa. Su ne ba sa jira, domin matatar ruwa ana iya gyara ta baɗi, amma kududdufin da aka gina bene a kansa ya tafi ke nan. A ƙirga su, a fitar da iyakarsu a takarda, a katange su saboda yara, a hana zuba shara da ruwan kwata a ciki. Akwai guda a bayan unguwarmu da nake wucewa ta gefensa kullum. Bara iyakarsa na wajen wata bishiyar dalbejiya. Bana tifa ta yi ta sauke ɓaraguzai, bishiyar ta koma tsakiyar fili, kuma an riga an kafa turaku huɗu an ɗaura igiya.